Mashin Dogo

"Ni da kuke gani," in ji Alhaji Abdurrahman, "ku ajiye ni a tsakiyar daji da mashin nan kaɗai, ba gishiri ba ashana. In ban fito da ƙiba ba ku canza mini suna. Jinin Dogo ne a jikina."

Yana wannan maganar ne a kishingiɗe kan kujera mai cin mutum uku, wadda shi kaɗai ya cinye ta, fanka tana kaɗa masa tumbi. To, bari ku san mutumin. Labule da kafet yake sayarwa a Kano, kuma dajin da ya sani bai wuce ciyawar da take fitowa bayan shagonsa da damina ba. Ƙadangare ya taɓa shiga motarsa, ya bar ta a bakin titi da ƙofa a buɗe, ya hau Adaidaita ya tafi gida. Wannan shi ne barden namu.

Mashin kuwa wani dogon ƙarfe ne baƙi wuluk, mai nauyin tsiya, bakinsa a faɗaɗe. A kayan mahaifinsa ya tsince shi bayan rasuwa, ya sa kafinta ya kafa masa ƙusoshi a saman talabijin. Bashira, matarsa, ta taɓa cewa ita dai ba ta taɓa ganin mashi mai faɗin baki ba. Ya ce sulken maza ne ya daddashe shi. Duk baƙon da ya shigo falon, kafin a ba shi ruwa sai ya sha labarin Dogo, kakan maigida, mutumin wani ƙauye a ƙasar Bunkure: ba a kiransa sai abu ya gagara, shi kaɗai yake shiga inda maza suka ja da baya, kuma ranar da ya dawo daga fage, gari watsewa yake yi, uwa ta suri ɗanta ta faɗa ɗaki ta rufo ƙyaure. 'Ya'yansa biyu, Sumayya da Nafisat, ba su taɓa shiga jarrabawa ba sai an goga musu ƙarfen a goshi.

Bashira ta yi haƙuri da tsatsar da ta yi wa bango zane kamar hawaye. Ranar da ƙusa ta gaji, mashi ya rikito ya raba mata teburin gilashi gida biyu, ranar haƙurin ya ƙare. Ta ce in 'yan gwangwan suka biyo ta layin, da shi za su tafi. Alhaji ya dafe ƙirji ya ce sai dai su haɗa da gawarsa. Ta ce ba sa sayen abin da ba ƙarfe ba.

Aka yi ta yi har aka tsaya a kan magana ɗaya. An yi hutun makaranta. Zai kwashe su ya kai su dajin kakansa, ya nuna musu fagen fama da idonsu, ya ciyar da su yini guda da abin da daji ya bayar da abin da mashi ya kayar, ba tukunyar kowa, ba abincin saye. In ya yi, mashi ya zauna a falo har abada, ta riƙa goge shi da hannunta. In ya kasa, gwangwan. Sumayya ta ce za ta ɗauki komai a waya, dama malaminsu ya ce kowa ya zo da tarihin gidansu.

Abin da bai gaya musu ba shi ne, shakkar Gwaggo Tani ta ƙauyen yake yi, 'yar autan Dogo, tsohuwar da ba ta san rage murya ba, tana zaune da ɗanta Filibus da matarsa Godiya. Ita har yau Audu Tumbi take ce masa, ko a gaban wa. Rabonsa da gaishe ta har ya manta. Dabararsa ita ce a shiga daji ta bayan gari, a fito ta bayan gari, tsohuwa ba ta ji ba ta gani.

Ranar tafiya ya saka babbar riga mai aiki, ya ɗora malafa a kan hula, ya ɗaure mashi a saman mota. Ya hana a ɗauki ko ƙuli-ƙuli. Ban da tabarma, kula kaɗai ya yarda a saka a but, wata babba mai murfi, ita ma wayam, wai a cikinta za a zubo ragowar naman daji a raba wa maƙwabta.

Suka bi titin Zariya, suka wuce Kura, suka karya wajen Bunkure. Alhaji yana tuƙi yana leƙen daji, daji bai zo ba. Dama shinkafa, hagu tumatir, gaba albasa, can kuma alkama ta yi kore shar har inda ido ya tsaya. Nafisat ta tambaya ko sun wuce dajin ne. Ya ce daji irin na Dogo ba ya nuna kansa ga kowa, sai wanda ya gada. Da suka zo gefen ƙauyen ya ja malafa har hanci, ya nutse a kujera, ya rage sai tumbi ne yake riƙe da sitiyari. Bashira ta ce ba za a tsaya a gaida mutanen gida ba? Ya ce maharbi ba ya gaisuwa kafin farauta, sa'a take karyewa.

Can gaba suka tarar da kuka ɗaya, aduwa biyu, da wata 'yar sarƙaƙiya da akuya za ta ratsa ba ta sunkuya ba. Alhaji ya taka burki, ya fito, ya cire takalmi don girmamawa, ya taka ƙaya, ya mayar da takalmi.

"Ku yi shiru," ya ce. "Mun shigo Dajin Dogo."

Daga bayan dajin ana jiyo rediyon wani mai ban ruwa.

Aka fara da tarihi. Kusa da kukar akwai kanal, irin hanyar ruwan da ake sako wa manoman rani, mai zurfi ya fi tsayin mutum, gefensa a kwance, a shafe da siminti. Ranar a bushe yake ƙayau, don a nan ruwa bi da bi ne, yau a ba wannan ɓangare, gobe a buɗe wa wancan. Alhaji bai san da wannan ba. Ya tsaya a bakinsa ya buɗe hannu, ya sanar da waya cewa wannan shi ne ramin ganuwar da Dogo ya haƙa shi kaɗai don tare dawakin abokan gaba. Bashira ta ce ganuwa da siminti? Ya ce ai simintin asalinsa namu ne, Turawa a nan suka gani suka sace. Lambar da aka rubuta da jan fenti a jikin kwalbati ta zama yawan mazan da aka kayar. Wani zagayayyen ƙarfe mai kama da sitiyari, wanda ake juyawa a ɗaga ƙofar ruwa, ya zama turken da ake ɗaure kamammu.

Yana ja da baya don ya shiga hoto da kyau, ƙafarsa ta harɗe da igiyar da aka ja a kan gonar shinkafa, aka rataya mata gwangwanaye don korar tsuntsaye. Gona gaba ɗaya ta ɗauki ƙara. Masu tsaron gona daga nesa suka ɗauka tsuntsayen jan baki ne suka sauka, suka shiga ihu suna kaɗa tsumma. Alhaji ya miƙe daga ƙasa, ya kaɗe riga, ya ɗaga musu mashi sama.

"Kun ji ko? Sun gane shi. Kirari suke yi."

Sumayya ta ɗauka tsaf. Kuma da yake yaran yanzu ba sa ajiye abu ya huce, nan take ta tura zauren dangi na waya, wanda Filibus ma yana ciki.

Rana ta take, yunwa ta fara magana. Alhaji ya ce a fara da 'ya'yan itace. Ya nufi aduwa, ya kama reshe, aduwa ta kama shi. Sai da mata uku suka taru suna zare babbar riga daga ƙaya, shi yana tsaye hannu a sama kamar shanya. Abin da aka samu aduwa ce guda biyu, ɗaya tsutsa ta riga su. Ya tsinko wani ganye mai faɗi ya ce tafasa ce, da ita Dogo yake karya kumallo. Bashira ta dubi farin ruwan da yake ɗiga daga jikinta ta ce tumfafiya ce, ko akuya ba ta ci, in yana so ya fara. Ya ce dama gwada ta yake yi.

Sai ga nama ya kawo kansa. Wata agwagwa ƙatuwa ta fito daga sarƙaƙiya tana rangaji, da jan ƙyalle ɗaure a fiffikenta, irin shaidar da mata suke yi wa kiwonsu. Alhaji ya rage murya ya ce dinya ce, ta daji, jan nan kuwa alamar ita ce sarauniyarsu. Bashira ta ce sarauniyar da aka ɗaura wa gefen atamfa? Bai saurare ta ba. Ya ɗaga mashi, ya ja baya, ya cilla da iyakar ƙarfinsa. Mashi ya faɗi dab da babban yatsansa. Nauyin jifan ya kwashe shi ya yi gaba, ya tafi da baki, ya faɗa rim a kan agwagwar, wadda ta tsaya kallon ikon Allah. Haka aka yi farautar. Tumbi ne ya kama, amma a waya an sanar cewa mashi ne ya firgita ta.

Ya yanka ta da 'yar wuƙar da take jikin makullin mota, ya fige rabi ya gaji. Wuta kuma, ya murza itace a kan itace har tafinsa ya yi bororo, ko ɗumi bai ji ba. Bashira ta zaro ashana daga jaka ta ajiye a kan dutse. Ya ce ashana ba abinci ba ce, ba ta karya sharaɗi, ya ɗauka. Iska ta yi ta kashe masa, sai ya yanke shawarar a sauka cikin ganuwa, inda Dogo yake gasa nasa. Bashira ta ce ita da 'ya'yanta suna nan gindin kuka, ba ta shiga ramin da ƙasansa yake da gansakuka. Ya zame ya sauka shi kaɗai da tabarma da kula da kara, ya tsire agwagwa a jikin mashi, ya ɗora a wuta.

Waya ta yi ƙara a aljihu. Filibus. Ya kashe. Ta sake, ya sake kashewa. Saƙo ya shigo, ya ga farkonsa, "Yaya Audu, in kana cikin kanal ɗin nan," ya kife wayar. Wato sun gano ya zo, suna so su ja shi gaban tsohuwa. Ba da shi ba.

Nama ya yi baƙi a waje, ciki kuwa da sauran jini. Ya miƙa sama, yara suka girgiza kai. Bashira ta ce ba ta cin abin da mai shi take can tana nema. Alhaji ya ce sharaɗi dai shi ne ya kawo abinci, ga shi ya kawo, ƙin ci ba laifinsa ba ne. Ya zauna ya yagi cinya. Ya yagi ƙirji. Inda nama ya manne a jikin ƙarfe ya bi da haƙori ya kankare, maiƙon da ya gangaro ya bi shi da harshe tun daga tsakiya har baki. Ya lumshe ido ya ce wa waya akwai wani ɗanɗano a ƙarfen nan da ba a samu a tukunya, wani ɗan gafi-gafi, ɗanɗanon tarihi ke nan.

Yana cikin suɗe tarihi Nafisat ta ce, "Abba, ganuwar tana tahowa."

Ya waiga. Ruwa ne, jaja-jaja, yana turo kara da leda a gaba, ba gudu yake ba, amma ba shi da niyyar tsayawa. Wuta ta ce cus. Tabarma ta tashi ta yi gaba, takalma suka bi ta. Alhaji ya ruga gefe zai hau, siminti ya jiƙe, gansakuka ta farka, ya hau taku biyu ya dawo uku. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Bashira ta kwanta a baki ta miƙo mayafi ta ce ya saki ƙarfen ya kama. Ya ce jikan Dogo ba ya sakin makami a fage. Ya rungume kula da hannu ɗaya, mashi a ɗayan, babbar riga ta sha iska ta kumbura ta zama lema, ruwa ya ɗaga shi cak ya yi gaba da shi.

Haka ya ratsa gonakin mutane a zaune, malafa a ka, fiffiken agwagwa yana reto a bakin mashi. Masu ban ruwa suka dogara kan fartanya suna kallo. Wani ya ce masa sannu da hanya, shi kuwa don kada a raina shi ya amsa da yauwa. Bashira da yara suna biye a kan gaɓa, Sumayya tana gudu tana ɗauka, don malami ya ce kada a bar komai.

Kanal ɗin kuwa ta bayan ƙauyen ya bi, daidai inda aka yi matakala mata suke wanki. Nan kula ta daki matakala ta tsaya. Alhaji ya ɗaga malafa, ya yi ido huɗu da wata tsohuwa siririya, hannu a ƙugu, Filibus a gefenta da igiya.

"Audu Tumbi," in ji Gwaggo Tani, yadda har na ƙetare sai da suka ji. "Ashe ruwan gwamnati ya fi ka zumunci. Shi ya san hanyar gidana."

Aka jawo shi kamar buhun da ya faɗa rijiya. A gida Filibus ya ba shi wando da 'yar shara, wandon ya tsaya a cinya, sai zanen Godiya aka ɗaura masa. Godiya ta fito da tuwon dawa miyar kuka da ta ji daddawa, da kwaɗon rama, da dambu mai zogale. Bashira da yara suka ci har suna gumi, Nafisat ta ce ita daga yau nan ne garinsu. Alhaji ya juya wa kwano baya, cikinsa yana ƙugi, ya ce shi a ƙoshe yake da naman daji, kuma kowa shaida ne bai taɓa tukunyar kowa ba, saboda haka mashi ya ci falo.

Bashira ta wanke hannu ta ce saura tarihi, ga kuma 'yar Dogo a zaune. Sumayya ta saita waya. Aka kawo ƙarfen aka ajiye gaban tsohuwa. Ta dube shi, ta shafa, idonta ya kawo ruwa. Ta ce na Baba ne, tun da yayanta ya tafi birni da shi take cigiya. Alhaji ya gyara zama, zane ya kusa kwancewa.

Sumayya ta tambaya ko gaskiya ne ba a kiransa sai abu ya gagara. Tsohuwa ta ce gaskiya ne. Shi kaɗai yake shiga inda maza suka ja da baya? Ta ce shi kaɗai, daga nan har Garun Mallam ba na biyunsa. In ya dawo gari yana watsewa? Ta ce har karnuka. Alhaji ya dubi Bashira, ya ɗaga gira.

"To ya za a yi a tsaya?" in ji Gwaggo Tani. "Mutum ya yini a cikin salga. Baba ai shi yake haƙa wa mutane salga, in ta cika ko ta toshe shi yake buɗe ta. Wannan ai dagi ne, da shi yake farfasa ta. Da shi ya ciyar da mu, bai taɓa roƙon kowa ba, kuma bai taɓa yarda an shigo da shi tsakar gida ba, bayan danga yake jingine shi." Ta kai hanci kusa da ƙarfen, ta janye. "Wane mara hankalin ne ya shafa masa maiƙo?"

Sumayya da Nafisat suka kai hannu goshi a tare suna gogewa. Alhaji ya tashi a hankali ya zagaya bayan rumbu, aka jiyo tarihi yana dawowa ta inda ya shiga.

Kafin ya dawo tsohuwa ta zare jan ƙyallen daga ragowar fiffiken da ya maƙale, ta shimfiɗa shi a gefen zanenta, ya zauna daidai inda aka yage shi. Ta ce agwagwarta ce mai kwanci, ba kuma ta son kuɗin kowa. Bashira ta ce to 'yan gwangwan sun yi asara, dagi ya dawo gida. Tsohuwa ta ce ya dawo a kan gaɓa, don salgarsu ta bayan gida ta toshe tun kaka, an rasa mai taɓa ta, yaran yanzu duk sun zama masu kanti. Yau ga dagin Dogo, ga jinin Dogo, ta ji da kunnenta a wayar Filibus yana cewa shi ya gada.

Alhaji ya ce yana da ciwon baya. Ta ce bayan da ya kashe agwagwa lafiyarsa lau. Ya ce bai iya ba. Ta ce jini ai ba a koya masa. Ta miƙa masa ƙarfen, ta nuna masa hanya da haɓa.

Sai bayan la'asar ya fito, dagi a kafaɗa, zanen Godiya ya tashi daga aiki. Kafin ya ƙaraso tsakar gida kaji suka tsallake danga. Filibus ya tuna yana da ban ruwa. Godiya ta suri goyonta ta faɗa ɗaki ta rufo ƙyaure. Bashira ta shige motar da Filibus ya je ya ɗauko, ta ɗaga gilashi ta danna makulli. Sumayya ce kaɗai ta tsaya daga can nesa, hanci a cikin hijabi, waya a sama.

"Abba," ta ce, "wallahi ba ƙarya ka yi ba. Gari ya watse."